RA'AYI: Faifan Azna na Adar ya fito bayan shekara 40, amma har yanzu bai iso gida ba

A shekarar 2017, lokacin da birnin Tawa ke ta gyare-gyaren karɓar bikin 18 ga Disamba a ƙarƙashin shirin Tawa Sakola, wani abu da ya shafi tarihin birnin ya faru a can nesa, a garin Portland na jihar Oregon ta Amurka. Wani ƙaramin kamfanin faifai mai suna Sahel Sounds ya fitar da kundin waƙoƙin Azna de l'Ader, ƙungiyar makaɗan jita mai lantarki da aka kafa a Tawa tun cikin shekarun 1970. Sunan kundin Zabaya, kuma shi ne na farko da ya taɓa fita da sunan ƙungiyar a hukumance, bayan ta shafe kusan shekara 40 tana kiɗa.

Masu farautar tsofaffin kaɗe-kaɗen Afirka a Turai da Amurka sun karɓi faifan hannu bibbiyu. A gida kuwa labarin ya sha bamban. Duk wanda ya shiga kasuwar Yekuwa, ko tashar motar Magarya, ko ta Dungas, ya tsaya wurin samarin da ke tura waƙa a memori, zai samu Hamisu Breaker da Umar M. Shareef da Ali Jita da Rarara iya son ransa. In ya tambayi Azna na Adar, abin da ya fi yiwuwa shi ne a dube shi da mamaki. Alhali sunan ƙungiyar Hausa ne, sunan faifan Hausa ne, garin da ta fito kuma yana cikin ƙasar nan.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dawowar tsofaffin makaɗan jita na Nijar ta zama abin da ake yi a ƙetare, da kuɗin ƙetare, domin kunnen ƙetare. In aka ci gaba a haka, wasu ne za su yanke hukuncin yadda amon kiɗan ƙasar nan zai kasance nan gaba, kuma wasu ne za su riƙe tarihinsa.

Su wane ne Azna?

Kalmar azna, ko arna a bakin wasu, suna ne da ake kiran Hausawan da suka riƙe al'adun gargajiya na kafin zuwan Musulunci, kamar yadda ake cewa Maguzawa a wajejen Kano da Katsina. Zabaya kuwa ita ce zabiya a karin harshen Adar, wato mace mai waƙa a gidan biki. Jagoran ƙungiyar, wanda aka fi sani da Mona, ya yi suna wajen kaɗa jita irin ta Jimi Hendrix, shahararren makaɗin Amurka da ya rasu a 1970, har ma ana yi masa laƙabi da Hendrix na Sahara.

Ƙungiyar ta taso ne a zamanin da gwamnati ke da hannu dumu-dumu cikin harkar al'adu. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974, an farfaɗo da samariya, an riƙa shirya bikin matasa na ƙasa ana zagayawa da shi jaha-jaha, gidajen matasa da al'adu kuma suka zama dandalin wasa a manyan garuruwa. Kusan kowace jaha ta samu 'yan orkestir da take tinƙaho da su. Damagaram tana da Super Haske, Maraɗi tana da Karnabal inda Sa'adu Bori ya yi tashe, Yamai tana da International de la Capitale ta Alhaji Taya. A shekarun 1980 aka ƙirƙiro gasar Ɗan Gurmu, wadda aka raɗa wa sunan sanannen mawaƙin nan na Tawa, domin ƙarfafa kiɗan zamani na ƙasa.

To me ya sa ƙungiya irin wannan za ta yi shekara 40 ba faifai? Dalilin bai da wuyar ganewa. Nijar ba ta taɓa samun masana'antar faifai irin ta maƙwabtanta ba. Gini ta Sekou Touré tana da kamfanin Syliphone na gwamnati, wanda ya buga faya-fayan Bembeya Jazz da sauran ƙungiyoyin ƙasar. Najeriya tana da EMI da Decca a Legas, shi ya sa muryoyin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos suka hau faifan garmaho tun da wuri. Makaɗin Nijar kuwa, in yana so a ɗauki kiɗansa, hanyarsa ita ce gidan rediyon gwamnati. A ɗauka, a sa a Muryar Sahel, zaren ya koma kan kanta a ofishin ORTN. Ragowar kuma sai kaset ɗin da wani ya naɗa a wurin wasa, ana kwafa daga hannu zuwa hannu har amon ya dushe.

Haka ta faru da Mamman Sani, mai kaɗa fiyanon lantarki, wanda ya naɗi kiɗansa a gidan rediyon ƙasa a 1978. Mutanen Nijar da dama sun tashi suna jin amonsa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin ba tare da sun san sunan mai shi ba. Sai a 2013 wannan kamfani na Portland ya sake buga kaset ɗin a faifai, duniya ta san shi.

Amon da ya zo daga nesa ya tarar da danginsa

Akwai masu ganin kiɗa irin na Azna a matsayin kwaikwayon Turawa kawai. Wannan hukunci ne na wanda bai saurara da kyau ba.

Abin da ya bambanta jitar rok da sauran jita shi ne gurnaninta. Ana bi da sautin ta cikin wata 'yar na'ura da ake takawa da ƙafa, sai ya fito a dakushe, yana zuga, yana jan lokaci kafin ya mutu. Kunnen da ya saba da tsaftataccen sauti na iya ɗaukar wannan a matsayin lalacewa. Kunnen Bahaushe kuwa ya daɗe da sanin daɗinsa. Makaɗin garaya yana maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a kan sandar garayarsa domin ta riƙa zuga. Mai ganga yana ɗaura tsirkiya a kan fatar domin kada amon ya fito fayau. Goge da kukuma ba su taɓa yin sauti mai santsi ba, kukansu a shaƙe yake, kuma a nan armashinsu yake. Algaita ma haka.

Sannan ga tsarin kiɗan kansa. Mai goge ko mai garaya a fagen bori yana kama ɗan gajeren zubi ne ya yi ta maimaitawa, masu caki suna biye da shi, yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan, yana ɗan karkacewa ya dawo, har fage ya ɗauki zafi. Dogon kiɗan jita na rok, wanda ke iya kai minti goma ana abu ɗaya ana ƙara masa nauyi, bai yi nisa da wannan ba. Saboda haka lokacin da samarin Tawa suka ji Hendrix a shekarun 1970, akwai abin da suka gane a ciki wanda suka riga suka sani daga gida. Sun ari kayan aiki, suka zuba musu abin da ke kunnensu.

Wannan batu yana da muhimmanci ga muhawarar da ke biye, domin yana nuna cewa abin da yau ake kira tsohon amo, shi kansa sabon abu ne a ranar da aka fara shi. Dattawan wancan lokaci ba su rasa abin faɗa a kansa ba.

A tsaya kan tsohon amo, ko a sauya?

Duk lokacin da tsohuwar ƙungiya ta dawo da sabon faifai, masoyanta kan rabu gida biyu. Kashi na farko suna son su ji abin da suka ji suna samari, ba ragi ba ƙari, hujjarsu ita ce da tsohuwar zuma ake magani. Kashi na biyu suna cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma wanda ya tsaya wuri ɗaya zamani zai wuce ya bar shi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma tarihin ƙungiyoyin da suka dawo suka yi nasara ya fi goyon bayan na biyu, da sharaɗi.

A Ingila akwai wani reshe na rok mai dogon zango, wanda ake gina waƙa ɗaya kashi-kashi kamar labari, ana sauya ma'aunin kiɗa a tsakiyarta. Ɗaya daga cikin jiga-jigansa ita ce ƙungiyar King Crimson, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1969, ta watse a 1974. Da jagoranta Robert Fripp ya sake haɗa ta a 1981, bai koma kan abin da aka san su da shi ba. Faifan Discipline ya zo da jita biyu masu saƙa da juna kamar zaren masaƙa, da sababbin mutane biyu daga Amurka. Wasu tsofaffin masoya sun yi tsaki. Yau ana lissafa faifan cikin mafiya ƙarfi da ƙungiyar ta yi.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Orchestra Baobab ta Dakar. An kafa ta a 1970, ta yi tashe, sannan kiɗan mbalax na su Youssou N'Dour ya kwashe mata 'yan kallo har ta watse a 1987. Abin da ya dawo da ita shi ne wani tsohon ɗauka na 1982, wanda kamfanin World Circuit na Landan ya sake bugawa da sunan Pirates Choice. Ganin yadda aka karɓe shi, sai mutanen suka sake haɗuwa a 2001, suka shiga situdiyo, suka fitar da Specialist in All Styles a 2002, kuma Youssou N'Dour ɗin da kiɗansa ya ture su yana cikin waɗanda suka tsaya kan aikin. Ba su tsaya nan ba. A faifansu na 2017, bayan babban mai jitarsu Barthélemy Attisso ya koma aikin lauya a Lome, sun shigo da kora cikin kayan kiɗansu, abin da ba a saba ji daga gare su ba. Bembeya Jazz ma ta dawo da sabon faifai a 2002 bayan dogon shiru.

Darasin Baobab a fili yake. Sake buga tsohon ɗauka mataki ne na farko. Yana tuna wa duniya cewa mutanen nan sun wanzu. Amma dawowa ta gaskiya ita ce a koma situdiyo da rai da lafiya, a yi sabon aiki da kunnen yau, a samu fagen da za a riƙa kaɗa shi a gaban jama'a. Wannan mataki na biyu shi ne ya fi yi wa tsofaffin makaɗan Nijar wuya.

Kunnen wa ake bi?

Sharaɗin da aka ambata a sama shi ne wannan: sauyin amo yana da kyau in makaɗin ne ya zaɓe shi, yana da illa in kasuwa ce ta tilasta masa. Makaɗin jita a Nijar yau yana tsakanin kasuwa biyu, kowace tana jan sa gefenta.

Kasuwar ƙetare tana son hamada. Tana son rawani, da raƙumi a bangon faifai, da sauti mai ƙura-ƙura wanda zai sa mai sauraro a Balin ko Landan ya ji kamar ya tono wani abu da aka binne. Tun da Tinariwen ta Mali ta buɗe wannan ƙofa, kuma Bombino na Agadas ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar kyautar Grammy da faifansa Deran na 2018, duk mai jita daga Sahel ana son a cusa shi cikin wannan riga ko da ba ta yi masa daidai ba. Bahaushen Tawa ko na Damagaram da ya yarda da haka zai wayi gari yana kiɗan wani.

Kasuwar gida kuma tana son abin da situdiyoyin Kano suka saba mata da shi tun ƙarshen shekarun 1990: fiyano ɗaya da ke kwaikwayon kalangu da sarewa da ganga gaba ɗaya, da murya da kwamfuta ta goge ta yi sumul. A Yekuwa da Magarya da Dungas wannan tasiri ya fi ƙarfi, domin jama'ar yankin suna cin kasuwannin Maigatari da Ɓaɓura da Daura, suna kama gidajen rediyon Kano da Jigawa da Katsina, dangi kuma suna kowane gefen iyaka. Ko lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a 2019, da lokacin takunkumin CEDEAO na 2023, buhun shinkafa ya sha wahalar ƙetarawa, amma waƙa ba ta tsaya a shingen kwastan ba. Babu laifi a son waƙoƙin Kano. Matsalar ita ce tsohon makaɗin da ya kori mai gangarsa da mai babbar jitarsa ya koma bayan fiyano domin ya yi kama da yaran zamani, yakan rasa tsofaffin masoyansa, kuma bai samu sababbi ba.

Akwai waɗanda suka nuna cewa ana iya bi ta tsakiya. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, da irin gyaran muryar nan na situdiyoyin Hausa, kuma ta wayoyin salula waƙoƙin suka bazu a Sahel. Daga baya ya koma ga jita mai gurnani da cikakkiyar ƙungiya, ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, sannan a 2025 ya sake kaɗa waƙoƙin wannan na ƙarshe da jita marar lantarki. Amo uku daban-daban, mutum ɗaya, harshensa da abin da yake faɗa ba su sauya ba.

Tal National ta Yamai ta fi dacewa da batun. Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, shi ya kafa ta a 2000. Kafin wani kamfanin ƙetare ya san da ita, ta riga ta yi kasuwa a gida, tana wasa dare da dama a kowane mako, ana sayar da faya-fayanta a titunan Yamai. Tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, tana haɗa kalangu da gangunan bature. Daga Kaani na 2013, zuwa Zoy Zoy na 2015, zuwa Tantabara na 2018, kiɗan ya ƙara sauri, ya ƙara sarƙaƙiya, jitocin suna shiga juna suna fita, har masu sharhi a Turai suka riƙa kwatanta shi da wancan rok mai dogon zango. Amma duk wanda ya saurara zai ji cewa kalangu ne ke jan ragama, jita tana biye. Ƙungiyar da ke da 'yan rawa a gida ba ta da dalilin roƙon kowa ya faɗa mata yadda za ta yi amo.

Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna kowace dawowa da shi. A duba ko ganga da harshe suna nan a gaba, a kuma duba ko akwai fage a gida da ake taka rawar kiɗan. In waɗannan suna nan, a bar makaɗi ya sauya yadda ya ga dama.

Laifin ba na baƙo ba ne

Da sauƙi a ɗora laifi kan Baturen da ya zo ya kwashi kiɗa ya kai ƙasarsa, kuma tarihin mulkin mallaka ya ba da dalilin yin zargi. Sai dai a wannan karon zargin bai da ƙarfi. Christopher Kirkley, wanda ya kafa Sahel Sounds, ya sha bayyana cewa raba riba biyu yake yi da makaɗan da yake bugawa. Ko mutum ya yarda da tsarin ko bai yarda ba, abu ɗaya tabbas ne: shekara 40 Azna suna nan a Tawa, ƙofarsu a buɗe, babu wani ɗan kasuwa ko ofishin al'adu na ƙasar nan da ya riga shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsagewar bangon tana da fuskoki da yawa. Ta farko ita ce tattalin arziki. Ƙungiyar mutum takwas ko goma tana buƙatar jitoci, da tsirkiyoyin da sai an yi oda, da lasifikoki, da janareta da mansa, da motar da za ta kwashe su. Mai biki a Magarya da ya lissafa wannan, ya kwatanta da yaro ɗaya mai kwamfuta da lasifika biyu, ya san wanda zai kira. Ba mugunta ba ce, aljihu ne. Ta biyu ita ce haƙƙin mallaka. Akwai hukumar BNDA da aka ɗora wa kare haƙƙin mawaƙa da marubuta, amma waƙar da ake turawa a memori a kasuwar ƙauye ba ta mayar wa mai ita ko dala ɗaya. Ta uku ita ce yanayin faifan kansa. An buga Zabaya a faifan garmaho, an kuma sa shi a intanet inda ake saye da katin banki. Gida nawa ne a Yekuwa ke da na'urar juya faifai, kuma saurayi nawa ne ke da katin da zai yi sayayya a shafin Amurka?

Akwai kuma fuska ta huɗu da ba a cika son faɗa ba. Jama'a da dama suna kallon kiɗan jita a matsayin abin mashaya, sunan Azna kansa kuma yana sa wasu su ɗaure fuska. Wannan ra'ayi ne da ya kamata a saurara da mutunci, domin masu shi iyaye ne da malamai da ke tsoron lalacewar tarbiyya. Amma adana tarihi daban, yin aiki da abin da ke cikinsa daban. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai yana ajiye da kayan gargajiya iri-iri, ba wanda ya ce ajiyewar bauta ce. Al'ummar da ta share duk abin da bai yi daidai da yau ba daga tarihinta, jikokinta za su je wurin baƙo su tambayi labarin kakanninsu.

Abin da ya rage a yi

Lokaci ba ya jira. Sa'adu Bori ya rasu a hatsarin mota a 2008. Malam Mamman Barka, ɗan Taskar a jihar Damagaram, ya rasu a 2018. Labarinsa ma darasi ne: a 2002 ya tafi gaɓar tafkin Cadi ya koyi kaɗa biram wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe a wannan kayan kiɗa na Buduma. Da ya yi jinkirin 'yan shekaru, da biram ya bi mai shi kabari. Makaɗan orkestir na shekarun 1970 da 1980 da suka rage yau dattawa ne, zaren da aka naɗi kiɗansu a kai kuma ba ya jure zafi da ƙura har abada. Na'urorin da ke iya karanta shi ma suna ƙarewa.

Aiki na farko yana wuyan gidan rediyo da talabijin na ƙasa, wanda yanzu ake kira RTN. A kwashe duk abin da ke kan tsofaffin zarurruka a mayar da shi kwamfuta, a rubuta sunan kowace ƙungiya da shekara da garin da ta fito. Ba abu ne da ba a taɓa yi ba. A Gini, wani mai bincike ɗan Ostareliya, Graeme Counsel, da tallafin Laburaren Birtaniya, ya yi irin wannan aiki a ma'adanin gidan rediyon Konakiri tsakanin 2008 da 2013, aka ceto waƙoƙi sama da 9,000. Nijar tana iya neman irin wannan haɗin gwiwa, da sharaɗin asalin ajiyar da haƙƙinta su tsaya a gida.

Na biyu, abin da aka ceto a mayar wa jama'a ta hanyar da suke sauraro. Gidajen rediyon karkara na gundumomin Magarya da Dungas za su iya ware sa'a ɗaya a mako domin kiɗan orkestir na da, a gayyaci dattijon da ya halarci wasannin ya ba da labari. Masu tura waƙa a kasuwa su ne manyan dillalan kiɗa na wannan zamani, saboda haka ya fi amfani BNDA ta zauna da su ta tsara ɗan abin da za su riƙa biya a wata, maimakon a yi kamar ba su wanzu ba.

Na uku, cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai ta haɗa dattawan da suka rage da matasan situdiyo a ɗaki ɗaya. Yaron da ya iya kwamfuta bai san yadda ake sa jita ta yi magana da kalangu ba, dattijon kuma bai san yadda ake tsaftace ɗauka ba. Kowa yana da abin da ɗan'uwansa ke nema. Daga irin wannan zama ne sabon amo na gaskiya kan fito.

Na huɗu, kyautar gasar Ɗan Gurmu da makamantanta ta wuce ambulan da takardar yabo. A sa ɗaukar cikakken kundi a cikin kyautar, a kuma ware rukuni na tsofaffin ƙungiyoyi. Bukukuwan 18 ga Disamba sun bar gine-gine a Tawa a 2017 da Damagaram a 2018. Dandalin da ba a wasa a cikinsa kango ne mai fenti. Hukumomin birane da na jihohi suna iya buɗe waɗannan wurare ga 'yan orkestir ko sau ɗaya a wata, a kuɗin shiga da talaka zai iya biya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar biliyoyin sefa. Abin da suke buƙata shi ne wani ya ɗauki al'amarin da muhimmanci tun masu kiɗan suna iya riƙe jita. Zabaya ya nuna cewa kiɗan da aka yi a Tawa shekaru aru-aru yana da masu saye a ɗaya gefen duniya. Saura a ga ranar da saurayi a Yekuwa zai miƙa memorinsa a kasuwa ya ce a sa masa Azna na Adar da Super Haske, mai turawa kuma ya ce akwai.